Shekarar da Rijiyarmu Ta Hau a Kan Allo

Bazarar bana ta zo da fushi. Tun hantsi bangon biro, wato ofis, yake ɗaukar zafi, kuran na lantarki ya ɗauke ya dawo ya sake ɗaukewa, fankar cikin ordinatar, kwamfutar aikina, tana ta kuka kamar za ta tashi sama. Shekaranjiya Malam Abdu, abokin aikina a ofishin ruwa, ya tsaya a bayana yana kallon zanen da na buɗe.

"Rabi, ma'aunin hagu na gane, metir ne. Wannan na dama fa da kika rubuta masa 'awon Baba'? Cika zane kawai yake yi. Kawo in share miki."

Na janye suri, ɗan linzamin ordinatar, daga gabansa da saurin da ni kaina ya ba ni kunya. Na ce ya je ya share nasa. Ya tafi yana cewa zafi ya fara taɓa mutane. Ni kuwa na zauna ina tuna baya, don wannan iska mai ƙona hanci ita ce dai iskar waccan shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara.

Aikina tun lokacin shi ne zana kurbu, layukan hawa da sauka. Ana kawo mini zurfin ruwan rijiyoyi, in zuba a lojisiyel, wato manhajar zane, ya fito mini da layi: ga watanni a ƙasa, ga zurfi a gefe. Rijiyar gidanmu ba ta cikin na ofis. Tana can wani kwari a hanyar Timia, cikin lambun da Baba ya gada wajen uwarsa, wadda ni ce mai sunanta, shi ya sa bai taɓa kirana Rabi ba sai Uwata. Akwai itatuwan lemu a ciki da suka girme ni. Da rani Baba da wana Ila suna can, ni da Inna muna gida cikin tsohon gari.

Daminar da ta gabata ƙoramar kwarin ba ta yi gudu na kirki ba. Ta zo sau guda ta jiƙa yashi ta tafi. Tun sanyi bai fita ba Baba ya fara auna rijiya duk Juma'a. Awonsa na da ne: igiya da dutse a bakinta, ya saka har ya ji dutse ya taɓa ruwa, ya jawo yana buɗe hannuwa yana ƙirga gaba, ragowar ya cika da kamu. Sai ya hau wani tsauni, wurin da kaɗai ake samun rezon waya, ya kira ni.

"Uwata, rubuta. Tara da kamu."

Ko gaisuwa sai bayan na rubuta. Wani zuwa da ya yi gari na tsayar da shi jikin bango na auna buɗin hannuwansa da metir, yana ta mita wai na mai da shi shadda. Da wannan awon nake juya gaba zuwa metir.

Maganar da ke gabanmu guda ce. Ruwan da ya rage, ko a tsare wa lemu shi kaɗai har damina, ko a raba da albasa. Ila albasa yake so, ita ce ke kawo abin cefane, kuma abokansa duk sun tafi Tchibarakaten haƙar zinariya, shi kaɗai ya rage yana gadin itace. Baba ya ce babu mai shuka komai sai Uwata ta nuna abin da na'urarta ta gani. Haka kawai aka ɗora mini lambu a ka.

Zanen farko da na nuna masa, cikin Sha'aban, ya kusa jawo masifa. Lojisiyel yana ajiye ƙananan lambobi a ƙasa, manya a sama, saboda haka duk ƙaruwar zurfi layi sama yake yi. Baba ya bi shi da yatsa, fuskarsa ta saki.

"Alhamdu lillahi. Hawa yake ke nan."

"A'a Baba, sauka yake. Lambar ce ke hawa."

"To wane irin mai zane ne zai zana sauka tana hawa? Gyara min rijiyata yadda Allah Ya yi ta."

Gaskiyarsa ce. Na latsa kan ma'aunin gefe na kifar da shi, bakin rijiya ya koma sama, zurfi ya yi ƙasa. Na ƙara wa layi kauri don idonsa ya fara rauni. Na zuba shuɗi a ƙarƙashin layin ya zama ruwa, na ja layin ja-ƙasa a gaba goma sha biyu, inda gindin rijiyar yake kan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse. Sunayen watanni na Faransanci na goge su, na sa Rajab, Sha'aban, Azumi, Ƙaramar Salla, har Babbar Salla. A gefen dama na ƙara ma'auni na biyu da gaba, na rubuta masa awon Baba. Sannan na ce wa lojisiyel ya ci gaba da layin zuwa gaba, da tsinke-tsinke, yadda zai tafi in ba abin da ya sake.

Layin tsinken ya gangara ya taɓa gindi kaɗan bayan Ƙaramar Salla. Ƙoramarmu kuwa ba a sa mata rai sai an doshi Babbar Salla. Baba ya daɗe da yatsa a kan wannan ratar. Ya ɗauki rawaninsa, washegari ya koma lambu ya hana albasa.

Azumi ya kama. Wanda bai yi shi a Agadez cikin bazara ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Famfo ba ya kawo ruwa sai ya ga dama, Inna ta jera bido, jarkokin ruwa, a bakinsa tana gadi kamar mai jiran baƙo. Kafin azahar harshe ya manne, yawu ya zama danƙo. In na dawo daga biro sai in tsoma zane a ruwa in lulluɓa, kafin in gama juyi ya bushe. Da la'asar Inna na dama kunu, ni ina jiƙa dabino da cuku, kazar maƙwabta tana kwance gindin randarmu baki buɗe ba mai ƙarfin korar ta. Ordinatar ma sai na ɗora ta a kan tulu mai sanyi, in ba haka ba ta mutu a hannuna.

Kuma duk la'asar sai na buɗe zanen nan. Ba sabon abu a ciki, Juma'a kaɗai ake ƙara ɗigo, amma sai na buɗe. Tsoro nake ji, tsoro sosai. Lojisiyel ɗin yana da wani hali: kana iya kama ɗigo da suri ka ja shi inda kake so, layin tsinke ya bi shi nan take. Wata rana na kama ɗigon ƙarshe na ɗaga shi kaɗan, ina kallo layin ya miƙe ya haye Babbar Salla, ruwa ya isa, lemu ya rayu. Na riƙe shi a nan har yatsana ya gaji. Na sake shi na mayar da shi wurinsa, na rufe na'urar na je na taya Inna tankaɗe.

Juma'a ta biyu cikin azumi, salula ta yi ƙara, amma muryar Ila ce.

"Baba ya ce a faɗa miki tara."

"Tara? Wancan mako goma ne fa. Ina Baban?"

"Yana hutawa. Ke kin san hawan tsaunin nan da azumi ba na tsoho ba ne."

"Ka tabbata tara ya ce?"

"Ke dai rubuta, Rabi. Kullum sai kin yi wa mutum tambayar ɗan sanda."

Na rubuta. Ɗigon ya yi tsalle sama da kusan gaba guda, shuɗi ya ƙaru, layin tsinke ya wuce Babbar Salla ya bar gindi a ƙasa. Daidai abin da na yi da hannuna ranar nan, ga shi ya zo da kansa. Juma'a ta gaba Ila ya ce tara da ɗan kaɗan, ya tambaye ni abin da zanen ya nuna. Na faɗa masa gaskiyar abin da ke kan allo. Ya yi dariya irin wadda na daɗe ban ji ba, ya ce ai ya riga ya zuba irin albasa, ya tayar da injin ban ruwa safe da yamma. Inna ta toya waina ta raba wa maƙwabta sadaka.

Ni kaɗai na kasa farin ciki, har na fara jin haushin kaina. Mace ta roƙi Allah abu, an ba ta, ta tsaya tana duba haƙoransa. Amma ko ɗigon ruwa bai sauka ba a duk ƙasar Abzin, sama fes take kamar an share. Rijiya ba ta hawa da bazara. Na ɗauko kurbu na rijiyoyin ofis da ke kwarurrukan kusa, na jera su a bayan tamu da toka-toka, siraran layuka don kada su rufe ta. Duk gangara suke yi, tamu kaɗai ta yi tsalle. Na buɗa wurin tsallen ya cika allo. Abin da na gani ya ƙara tayar mini da hankali: bayan tsallen, layin ya ci gaba da sauka da gudun da yake yi a da, kamar an ɗauke shi ne kawai an ɗora a kan matakala.

Ban san abin da ya sa ba, sai na ce bari in raba ɗigon. Waɗanda na ji daga bakin Baba na mai da su baƙaƙe. Waɗanda na ji daga bakin Ila na mai da su ja. Tsallen ya faɗo daidai inda baƙi ya ƙare ja ya fara.

Ina zaune a kan tabarma ina kallonsa, Inna ta shigo daga wajen tela da kayan salla tana faɗa.

"Wannan tela ɓarawo ne. Wai yadin Ila bai isa ba sai na ƙaro, hannun riga ya cinye. Na ce to ni na ja masa hannuwan? Yaro kamar raƙumi, ubansa ga shi ɗan dunƙule, ban san inda ya kwaso su ba."

Nan take na gane. Gabar Ila ta fi ta Baba. Igiya ɗaya, ruwa ɗaya, amma dogon hannu zai ƙirga tara inda gajere ya ƙirga goma. Ruwan bai hau ko yatsa ba, kuma yanzu inji na zuƙar sa safe da yamma ana zuba wa albasa.

Sai abu na biyu ya biyo baya. Tun ina yarinya ban taɓa ganin Baba ya ba wani igiyar awon nan ba. Da zazzaɓi ya auna, da ciwon baya ya auna. In igiya na hannun Ila, to Baba ba ya iya riƙe ta.

"Mi ya same ki?" in ji Inna.

"Ba komai, Inna. Gobe zan leƙa lambu, aikin biro ne."

Ta dube ni, ta dubi allon da ba ta iya karantawa. Ta ajiye kayan sallar ba ta ƙara maganar tela ba.

Na kira lambar Ila har batir ya yi rabi. Ba ta shiga, ba za ta shiga ba sai ya hau tsauni, kuma Juma'a da sauran kwanaki. Da sassafe na shiga motar ƴan kasuwa mai zuwa Timia, na ɗora ordinatar a cinya na naɗe ta da mayafi. Hanyar duwatsu ce, mota na hawa tana nishi, ƙarfen kujera na ƙona cinya. Matafiya da yawa sun ajiye azumi, wata tsohuwa ta miƙo mini ruwa na ce na gode. Ba taƙawa ba ce, hankalina ne ke can lambu. Duk ƙoramar da muka tsallaka farin yashi ne, gawawwakin awaki a gefe sun bushe fata ta manne wa ƙashi. Ina ta lissafin ruwan da inji ya sha tun ranar da na ce wa Ila layi ya wuce, in lissafin ya kai rabi sai fuskar Baba ta shigo ta ɓata shi.

Na isa da la'asar sakaliya. Tun daga nesa na ji bugun inji. Ila na tsaye cikin fadamar albasa, laka har ƙauri, da ya gan ni tiyo ya faɗi daga hannunsa.

Baba na kwance a kan tabarma gindin babban lemun uwarsa. Bakinsa ya karkace kaɗan. Hannunsa na dama yana kan ƙirji a naɗe, kamar ba nasa ba. Ya faɗi ne a bakin rijiya, in ji Ila, wani malamin likita daga Timia ya zo ya duba shi ya bar magani, shi kuma ya rantsar da Ila kada a faɗa mana sai bayan salla.

Na yi niyyar in zazzage wa Ila duk abin da ke bakina. Kuka ne ya riga fita.

"Uwata," in ji Baba, maganar na fita da nauyi. "Wa ya faɗa miki?"

"Rijiya ce ta faɗa min, Baba."

Na durƙusa na buɗe ordinatar, batir saura kaɗan. Na kare allon da mayafina don hasken rana, na nuna masa baƙaƙen ɗigo da jajaye. Na ce Ila ya ɗauko igiyar ya buɗe hannuwansa, na auna shi da metir ɗin da ke jakata. Sannan a gaban idonsu na kama jajayen ɗaya bayan ɗaya na sauko da su inda ya kamata su zauna a awon Baba. Kowane na ja, shuɗi ya ragu. Da na sauke na ƙarshe layin tsinke ya faɗi, ya taɓa gindi, wannan karon kafin ma a gama cin tuwon salla.

Ila ya ce, "Gaba ai gaba ce. Abin da na ƙirga shi na faɗa, wallahi ban rage ba."

"Na sani, Yaya. Ba ka rage ba, hannunka ne ya yi yawa."

"To ni na ce ki ce min ruwa zai kai? Da bakinki kika faɗa."

Baba ya ɗaga hannun hagu, ya tsayar da mu. Ya daɗe yana kallon allon, har allon ya mutu don kansa ya bar mu da baƙin gilashi.

"Ila, kashe injin."

Ila bai motsa ba. Ina ganin jijiyar wuyansa. Irin albasar ya riga ya tsiro, kore shar, abu mafi kyau a duk kwarin. Ya juya ya tafi bakin rijiya, bugun ya tsaya. Shirun da ya biyo baya har yau ina jin sa a kunnena.

Na aika wa shef ɗina na ofis cewa ubana ba lafiya, na aika mota ta ɗauko Inna. Sauran azumin da bayansa a lambu muka yi su. Aka janye inji, aka koma guga, don guga ba ya zuƙe rijiya ya bar ta tana haki. Da asuba Ila na ja, ni da Inna muna ɗauka, kowane itace da rabonsa, mu rufe gindinsa da busasshen ganye kafin rana ta fito. Ruwan ya koma kalar kunu, yana warin laka, sai an tace da zane kafin a sha. Albasa ta yi rawaya ta kwanta cikin kwana kaɗan, Ila ya daina bi ta wannan gefen. Da ruwan ya ƙara janyewa Baba ya sa muka zagaya da shi a kan tabarma, ya nuna da hannun hagu itatuwan da za a bari su mutu. Ƙananan ya zaɓa, waɗanda shi ya dasa da hannunsa, ya tsare na uwarsa. Kowace Juma'a Ila ya auna, ni in juya, in ja ɗigo da alƙalami a kan takarda don babu kuran. Ɗigon na matsowa gindi, ni kuma ina kwana ina jin ƙarar guga yana kartar fa a mafarki.

Ranar da guga ya fara fitowa da rabinsa yashi, hadari ya taru a kan duwatsu. Ya watse. Washegari ya sake taruwa ya sake watsewa, iska ta kaɗe ganyen lemu ta zubar. Sai wata yamma, ko yayyafi ba a yi mana ba, muka ji ruri daga sama da kwari, sannan ƙamshin jiƙaƙƙen yashi. Ƙorama ta zo ja wur, ɗauke da itace da kumfa. Inna ta zauna a ƙasa daɓas tana salati. Ila ya shiga ruwan da kayansa.

Juma'ar da ta biyo Baba ya ce a kai shi bakin rijiya. Ya ce a ba shi igiya. Ila ya saka dutse har ya taɓa ruwa, ya ɗora igiyar a hannun Baba na hagu. Na dama ba ya buɗuwa.

"Uwata, buɗe min shi."

Na kama wannan hannun mai sanyi na miƙar da shi a hankali har iyakarsa, Ila na ja masa igiya, shi yana ƙirgawa da karkataccen baki. Goma da kamu. Ruwa ya fara hawa da gaske. Da na koma gari na saka wannan ɗigon baƙi, kuma shi ne baƙi na ƙarshe a zanen. Baba ya rasu da sanyi, lokacin da lemun uwarsa ya nuna.

Yanzu Ila yana da metir na ƙarfe da na saya masa, rezo kuma ya iso har cikin lambu, ba sai an hau tsauni ba. Lamba yake turo min a rubuce, lojisiyel ya zuba ta da kansa, ba muryar kowa. Bai tafi zinariya ba. Ya dasa wasu ƙananan a gurbin waɗanda suka mutu.

Daminar bara ma ƙoramar ba ta yi abin kirki ba. Bayan Malam Abdu ya fita na sake duban zanen. A hagu metir ne, lambobin da ba sa ce min komai. Na duba dama, inda nake dubawa in ina son in san gaskiya. Ruwan bana ya sauka gaba goma sha ɗaya a awon Baba, saura ɗaya ya taɓa fa, kuma sama fes take.